Filin Kan Hanya: Ƙafata Na Sauka Ƙasa Duk Lokacin da Zan Juya Kan Babur

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a Nyanya. An yi mini alƙawarin aikin kai saƙonni a kan babur cikin Abuja, bisa sharaɗin in kawo lasisin tuƙi. Shekara biyar ke nan ina hawa, na ɗauki kaya na ɗauki mutane, ban taɓa faɗuwa a titi ba. Amma ranar da mai koyar da mu ya ja layi biyu a ƙasa ya ce in shigo a hankali in juyo ba tare da na sa ƙafa ba, sai abin ya gagare ni. Ko dai ƙafata ta sauka, ko injin ya mutu, ko in tsallake layi, sau ɗaya ma babur ɗin ya kwanta da ni a gaban jama'a. Boxer nake hawa, kuma saura mako uku a yi mana gwaji. Mene ne laifina? (Daga wani mai karatu, Nyanya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada kunyar wannan faɗuwa ta dame ka, domin na ga waɗanda suka ninka ka shekaru a kan babur sun kwanta a irin wannan layi. Shekara biyar ɗin da ka yi sun koya maka gudu, da kutsawa tsakanin motoci a cunkoson Mararaba, amma ba su koya maka tafiyar hawainiya ba, saboda titi bai taɓa tilasta maka ba. Duk sanda ka zo juyawa sai ka sauke ƙafar hagu ka riƙa jan ta a ƙasa, kamar yadda kusan kowane ɗan acaɓa yake yi, har ƙafar ta zama maka taya ta uku. Yanzu an ce ka ɗauke ta, shi ne ka ga abin da ta daɗe tana rufa maka asiri a kai.

Bari mu fara da abin da ke tsayar da babur. Idan yana gudu, shi da kansa yake gyara tsayuwarsa: da ya karkata gefe, sai tayar gaba ta ɗan juya zuwa wannan gefen, ta komo da shi ƙarƙashin nauyinsa. Shi ya sa yaro ke iya sakin hannu a kan keke idan ya gangaro. Da zarar gudu ya ragu zuwa saurin mai tafiya a ƙafa, wato wajen kilomita 5 a awa, wannan taimako ya ƙare, aikin ya koma wuyanka. A wannan hali abu ɗaya ne ke hana babur da ya karkata faɗuwa cikin kwana, shi ne jan injin da ke zuwa tayar baya ba yankewa. Idan jan ya yanke, babur zai zube ciki. Idan jan ya ƙaru, zai miƙe tsaye ya faɗaɗa kwanar. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya.

Ka duba kurakuran nan uku da ka lissafa, za ka ga tushensu ɗaya. Ƙafarka tana sauka ne saboda a tsakiyar kwana tsoro yakan sa ka damƙe kuloci gaba ɗaya, injin ya rabu da taya, babur ya zama ƙarfe mai nauyi da ba abin da ke jan sa. Injin yana mutuwa saboda wani lokacin kana yin akasin haka, ka saki kuloci duka ka kuma rufe totur, alhali giya ɗaya ba ta iya ɗaukar irin wannan sanyin tafiya a kan silo kaɗai, wato juyin da inji ke yi da kansa ba a murɗa totur ba. Tsallake layi kuwa yana biyo baya ne idan ka ji injin na neman mutuwa ka murɗa totur da ƙarfi, sai babur ya zabura. Ita kuwa faɗuwar, ko ban gani ba zan iya rantsuwa cewa yatsunka sun kai ga birkin gaba. Idan kan babur yana murɗe aka matsa birkin gaba, tayar gaba tana tsayawa cak a karkace, shakazoba ta nutse, nauyin babur da naka ya tuntsura gefen da aka murɗa. Ba ƙarfin da zai tare shi a wannan lokaci. Saboda haka tun kafin ka shiga layi ka naɗe yatsunka huɗu na dama a kan totur, kada ko ɗaya ya rage a kan birkin hannu.

To, yaya ake samun jan da ba ya yankewa alhali ana tafiya a hankali? Da gaɓoɓi uku ne, kowace da aikinta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hannun dama ya ɗaga totur kaɗan sama da silo, ya tsaya a nan kamar an kafe shi. Za ka ji injin yana ƙara fiye da yadda tafiyar take, har mutanen gefe su ɗauka ba ka iya ba. Ka ƙyale su, haka ake so. Hannun hagu ya saki kuloci zuwa daidai inda ya fara kamawa, inda za ka ji babur yana neman tafiya amma bai gama haɗewa da inji ba, abin da direbobi ke kira rabin kuloci, ya zauna a nan tun daga shiga har fita. Ƙafar dama kuma ta ɗora a kan birkin baya da ɗan nauyi, tana ja masa linzami. Injin yana turawa, birkin baya yana riƙewa, sai babur ya miƙe tsakaninsu kamar igiyar da mutum biyu ke ja, sarƙa ta daina fizga, tafiya ta yi santsi. Idan gudu ya yi yawa, ƙara danna birkin ƙafa. Idan ka ji kana faɗawa ciki, sassauta birkin ka ɗan ƙara sakin kuloci, za ka ji babur ya tashi da kai da kansa. Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin zuciya tana ce maka ka tsaya, alhali maganin shi ne ka ƙara tafiya. Sai jiki ya ɗanɗana sau goma ko ashirin kafin ya yarda.

Wasu bakanikai za su ce maka rabin kuloci yana ƙona faranti. A mota maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma kulocin Boxer da ire-irensa a cikin baƙin mai yake wanka, an yi shi ne don ya jure irin wannan. Abin da za ka kiyaye shi ne zafi: bayan minti goma na atisaye ka zaga fili a giya biyu ko uku iska ta bugi inji, birkin baya ma ya huce.

Sai maganar ido, wadda mutane ke raina wa. Babur yana bin inda mahayinsa ke kallo. Wanda ya zuba wa layin da yake tsoron takawa ido, layin zai taka, wanda kuma ya kalli ƙasa kusa da tayar gaba, ƙasa zai je. Kafin ka murɗa kan babur, ka juya kanka gaba ɗaya, haɓarka ta kusa taɓa kafaɗa, ka nemi wani abu mai tsayi a can inda za ka fita, ko turken wuta ko bishiya ko mutum a tsaye, ka kafe shi da ido har ka miƙe. Satar kallo da gefen ido ba ta wadatarwa. Lokacin da nake koyo, wanda ya koya mini yakan tsaya a bayana ya ɗaga yatsu ya ce in faɗi nawa ne tun ina tsakiyar kwana, idan na kasa faɗa sai in sake. Na ji haushinsa a lokacin, amma ban san dabarar da ta fi ta ba har yau, kuma ina ba ka shawara ka sami aboki ya yi maka haka.

Game da zama, a kwanar gudu mahayi da babur tare suke kwanciya. A juyin hankali kuwa babur ne kaɗai ke karkata, kai ka tsaya a miƙe, ko ma ka ɗan matsar da mazauninka zuwa gefen waje na sirdi, ka danna matakin ƙafa na waje. Amfanin haka shi ne, gwargwadon karkatar babur gwargwadon ƙanƙancewar da'irar da zai yi, nauyinka na waje kuma yana hana shi wuce gona da iri. Gwiwoyi su rungumi tanki, kafaɗu da gwiwar hannu su saki. Mai ƙanƙame kan babur da ƙarfi ba ya iya murɗa shi har ƙarshe.

Ga wani abu da nake so ka yi tun gobe da safe, kafin ka ta da inji. Ka sauka, ka murɗa kan babur hagu har ya tsaya, ka tura shi da hannu ya yi rabin da'ira, sa'annan ka auna da taku daga inda tayar ta tashi zuwa inda ta ƙare. Za ka tarar bai wuce taku biyar ko shida ba. Kwatanta wannan da filin da ake bayarwa a ƙasashen da suka tsananta wannan gwaji. A Ingila layukan juyi suna da tazarar mita 7.5, kuma wanda ya sa ƙafa a ƙasa a ciki ya faɗi gwajin ke nan. A jihohi da dama na Amurka ƙafa 20 ake ba ƙananan babura, wato wajen mita 6, manya kuma ƙafa 24. Ƙafa 24 ɗin nan ita ce mita 7.3, daidai faɗin kwaltar babban titi mai layin mota biyu a ƙasar nan. Ka ga ashe fili ya ishi Boxer har da rara mai yawa, ƙuncin a zuciyar mahayi yake. Sai dai mutane da yawa suna zubar da rarar tun a farko, domin sukan shigo ta tsakiyar fili. Ka shigo kana manne da layin dama, tayarka tana kusan shafarsa, domin duk taƙin da ka bari a bayanka ka rage shi ne daga gabanka.

Mako uku ya isa idan ba ka yi gaggawa ba. Kwanaki huɗu ko biyar na farko kada ka juya ko sau ɗaya. Ka sami fili mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, irin harabar makaranta ranar Asabar bayan ka nemi izinin mai gadi, ka riƙa tafiya a miƙe a rabin kuloci da birkin baya, abokinka yana tafiya a ƙafa a gefenka, kada ka wuce shi kuma kada ka sa ƙafa. Idan wannan ya zauna, sai ka koma zagaye mai faɗi, kana rage shi kaɗan-kaɗan, hagu da dama. Za ka lura ɓangare ɗaya ya fi maka wuya, ga yawancin mutane dama ne, saboda hannun totur yana matsewa a jikin tanki, kuma ƙafar da za ta so sauka ita ce ke kan birki. A titi dai juyinmu na hagu ne, tun da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, amma jami'in gwaji yana iya jera maka robobi ya ce ka yi lamba 8, wadda ta haɗa duka biyun, don haka ɓangaren da ka ƙi shi za ka fi ba lokaci. A mako na biyu ka ja layi da gawayi ko toka mai tazarar mita 9, idan ka yi sau goma a jere ba kuskure ka rage zuwa 8, sa'annan 7, har ka kai 6. Kada ka sa duwatsu ko bulo a matsayin alama, robar ruwa da babu komai ciki ta fi, domin ko ka taka ta ba abin da zai faru. Rabin awa kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi, saboda hannun hagu yana gajiya, gajiyayyen hannu kuwa kuskure yake koya.

Ranar gwajin, wanda jami'an VIO, masu duba lafiyar ababen hawa, ke yi kafin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ɗauki hotonka da zanen yatsunka don lasisin rukunin A, wato na babur, ka tuna cewa ba juyin kaɗai ake kallo ba. Ka zo da hular kwano ka ɗaure igiyarta, da takalmi mai rufe ƙafa, ba silifa ba. Kafin ka tashi ka duba madubi, ka kunna sigina, ka waiwaya ta kafaɗa, kuma ka sake waiwayawa daf da murɗa kai, ko da filin ba kowa. Ka yi waiwayen a fili yadda mai duba ka zai gani. Allah Ya ba da sa'a, kuma ka rubuto mana yadda ta kaya.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar asibiti ce a Kubwa, ina hawa ƙaramin babur roba-roba zuwa aiki. Ba shi da kuloci a hannu. Duk bayanin da nake ji na juyi a hankali maganar kuloci ce, to ni ina zan kama? (Daga wata mai karatu, Kubwa)

Amsa: Hajiya, naki ya fi sauƙi ta wata fuskar. Babur ɗinki yana da kuloci, sai dai a cikin inji yake, kuma shi ke kama kansa idan juyin inji ya ƙaru, ya saki idan ya ragu. Matsalar ita ce idan kika rufe totur a tsakiyar kwana, zai saki ba tare da ya yi shawara da ke ba, jan ya yanke, babur ya faɗa ciki. Saboda haka ki buɗe totur daidai inda za ki ji ya fara ja, ki riƙe shi a nan, ki bar wa birkin baya dukan aikin rage gudu da ƙara shi. Idan giya ɗaya tana fizgar ki, gwada giya biyu, a irin waɗannan babura sau da yawa ta fi laushi. Idan kuma naki irin wanda birkinsa biyu duk a hannu suke ne, na hagu shi ne na baya, shi za ki yi aiki da shi. Maganar ido da zama duk ɗaya ce da abin da na gaya wa ɗan'uwanmu na Nyanya. Abu ɗaya zan ƙara: ki tattare hijabi ko abaya kafin ki hau, kada gefensa ya sauka kusa da sarƙa ko tayar baya, kuma ki tabbata hular kwano ba ta danne mayafin yadda zai hana ki juya wuya ba.

Tambaya: Na yi duk abin da ake faɗa, amma babur ɗina yana mutuwa da zarar na murɗa kansa dama har ƙarshe, idan kuma na murɗa hagu sai injin ya ƙara ƙara da kansa. Laifina ne ko na mashin? (Daga wani mai karatu, Gwagwalada)

Amsa: Wannan na mashin ne, kuma na gode da ka kawo shi, domin mutane da yawa suna zargin hannunsu a kan abin da sifana za ta gyara cikin minti goma. Ka kafe babur a kan jakinsa na tsakiya, ka ta da shi, ka saki totur, ka murɗa kan hagu da dama. Ƙarar injin bai kamata ta canza ba ko kaɗan. Idan ta canza, wayar totur ce ta yi gajarta ko aka bi da ita ta inda take tanƙwarewa, abin da ke yawan faruwa bayan an canza kan babur ko an ɗaura masa ƙarfen kaya a gaba. Mutuwar da yake yi a dama kuma tana iya zama wayar wuta ce da ta goge a wuyan babur take yankewa idan an ja ta. Ka kai wa bakanike ya duba duka biyun, ya kuma daidaita silo bayan inji ya yi zafi, kada a bar shi ƙasa ƙwarai don tsimin mai kamar yadda 'yan haya suke so. Tun da ka je, ka sa ya duba wasan hannun kuloci, wanda ya kamata ya zama milimita 2 zuwa 3 a gindinsa, ya ɗiga wa wayar mai, ya ɗaure sarƙa idan ta saki, domin sakakkiyar sarƙa tana sa fizga. Ka ɗaga tayar gaba ka juya kan a hankali: idan ka ji yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci, kuma da irin wannan boris ko gwani ba zai yi juyi mai kyau ba. Daga nan ka biya wurin mai faci ya auna iskar tayar gaba da ma'auni, ba da matsa yatsa ba, domin taya mai ƙarancin iska tana sa kan babur nauyi.

Tambaya: Malam, a fili na iya juyi sarai. Amma unguwarmu Mpape tudu ce da gangara, ga tsakuwa a bakin hanya, kuma sau da yawa ina ɗauke da buhu a baya. Dabarar ɗaya ce? (Daga wani mai karatu, Mpape)

Amsa: Tushen ɗaya ne, amma a nan zan sassauta abin da na tsananta a sama. Hana sa ƙafa ƙa'idar filin gwaji ce, an yi ta ne don a gane ko mutum yana sarrafa babur. A kan gangaren Mpape da buhun masara a baya, ba wanda ke ba ka maki. Idan wurin ya yi tsanani, ka tsaya, ka sa ƙafa, ka juya a zango biyu ko uku.

Idan kuwa gangaren mai sauƙi ne, ka san cewa juyin yana da rabi biyu masu halin da ya saɓa. Mai hawa tudu da zai juyo ƙasa yana bukatar ƙarin totur a rabin farko, domin tudu yana cinye gudunsa, amma da zarar kan babur ya kalli gangara nauyi zai ja shi, sai aikin ya koma kan birkin baya. Mai gangarowa da zai juya sama kuwa dole ya rage gudu tun yana miƙe, sa'annan ya tanadi jan inji don rabin ƙarshe, inda injin mafi yawan mutane ke mutuwa. Wuri mafi haɗari shi ne tsakiya, lokacin da babur ya gitta hanya, domin ƙasa ta gefen gangara ta yi nisa da ƙafarka. Idan tsayawa ta kama ka a nan, karkata babur zuwa gefen tudu ka sa ƙafar wannan gefen. A kan tsakuwa ko yashi kuma ka rage karkata, ka faɗaɗa da'irar, ka bar babur kusan a tsaye. Buhu ka ɗaure shi tamau, ka matso da shi kusa da bayanka gwargwadon iko, domin kayan da ya zauna can ƙarshen ƙarfen kaya na baya yana sauƙaƙa tayar gaba har ta riƙa shawagi. Fasinja kuwa ka gaya masa tun kafin ku tashi kada ya sauke ƙafa kuma kada ya yi ƙoƙarin taimaka maka da jikinsa.

A manyan hanyoyi irin titin Kubwa zuwa Zuba, ko na filin jirgin sama, ko na Keffi, ba a juyi sai inda aka tanada ko ta kan gada, kome nisan wurin. Waɗanda ke ɗaga babur su tsallaka shingen tsakiya, ko su bi hannun da ba nasu ba don gudun zagaye, suna shiga gaban motar da ke tafiya kilomita 100 a awa, wadda ke cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, alhali juyin babur mai kaya yana ɗaukar daƙiƙa biyar ko shida.